Ƙusar Dogo Da Haƙƙin Wanda Ba Ka Sani Ba

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci, na ga ya kamata in shimfiɗa ta a wannan mujalla tamu, ko Allah zai sa a sami masu taya ni tunani. Tambayar kuwa ita ce: shin mutum yana iya ɗaukar alhakin wanda bai sani ba, bai taɓa gani ba, bai kuma nufe shi da sharri ba? Masana falsafa sukan tattauna irin wannan batu da misalan da suka ƙago a ka. Ni ba sai na ƙago ba, domin akwai misali a kwance a ƙasarmu ta Gezawa, watau hanyar jirgin ƙasa, wadda muka fi sani da dogo.

Duk mai sauraren rediyo ya sha jin an kama wasu da ƙarafan dogo a mota, ko jirgi ya yi awon gaba da wani a mahaɗar hanya, ko kuwa an sa wa dogo nakiya. Mukan ji, mu ce Allah ya kyauta, mu ci gaba da sha'aninmu. Nufina a nan shi ne in tsaya a kan abin da ke ƙarƙashin waɗannan labarai, watau yadda muka ɗauki dukiyar da ake ce wa ta gwamnati, da kuma ran baƙon da ke tafiya a kanta.

Dogon Da Ya Ratsa Gonakinmu

Jirgin ƙasa ya fara isowa Kano a 1911, ta hanyar da aka shimfiɗo daga Baro a bakin Kwara. A 1912 aka haɗe ta da ta Ikko, kakar wannan shekara kuwa gyaɗa ta cika tashar Kano har ta fi ƙarfin taragun da ake da su. Da Turawa suka ga irin albarkar da ke cikin ƙasar, sai suka miƙa wani reshe gabas, wanda ya isa Nguru a 1930. Wannan reshe shi ne namu. Yakan bar birni ya shigo ƙasar Gezawa ta Jogana, ya wuce Zakirai da Ringim, ya bi ta Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, kana ya tuƙe a Nguru. Shekara da shekaru shi ke sauko da gyaɗa da shanu da fatu, ya komo da gishiri da goro da kananzir.

Ƙasar da dogon ya ratsa ba daji ba ce. Tana cikin yankin nan na kewayen Kano da Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa wanda ya koyar a Zariya da nan Kano, ya yi suna wajen nazarinsa saboda cunkoson jama'a da yadda ake noma gona kowace shekara ba hutu. A wurinmu gona tana manne da gona, ba a barin saura, taki ake kai wa ƙasa a kan jaki domin ta ci gaba da bayarwa. Inda ƙasa ta yi wannan tsada, filin da aka ware wa dogo hagu da dama dole ya riƙa tsone wa manomi ido. Daɗin daɗawa, an yi shekaru masu yawa jirgi ya yi wuyar gani a wannan layi, har yaro ya iya girma a gefen dogo bai san ƙarar jirgi ba sai a bakin kakansa. A tuna da waɗannan abubuwa biyu, domin za mu komo kansu.

Abin Da Ƙusa Ɗaya Take Riƙe Da Shi

Kafin mu yi maganar laifi, ya kamata mu san yadda abin yake aiki. Direban jirgi ba shi da sitiyari. Ƙarafan nan biyu su ke tuƙa shi, abin da ke riƙe ƙafar jirgi a kansu kuwa ɗan leɓe ne kawai da ke cikin kowace ƙafa. Tsakanin ƙarfen dama da na hagu a tsohon dogo irin namu ƙafa 3 ne da inci 6, a sabo kuwa irin na Abuja zuwa Kaduna ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi. Wannan awo bai yarda da wasa ba. Idan ƙarafan suka buɗe da 'yan inci kaɗan, ƙafa ta zurma, taragun baya kuma su hau na gaba.

Abin da ke hana su buɗewa shi ne ginshiƙan da ke kwance a ƙarƙashinsu, na ƙarfe ko na katako ko na kankare, da ƙusoshi da maɗaurai da suka ɗaure dogon a kansu, da faifan ƙarfe mai noti da ke haɗa bakin wannan ƙarfe da na wancan, da kuma tsakuwar da aka zuba ta danne komai ta bar ruwa ya wuce. Lokacin bazara, sa'ad da rana take dukan ƙarfe, ƙarfen yakan miƙe, in ba a ɗaure yake sosai ba sai ya lanƙwashe. Bugu da ƙari, ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, saboda haka jirgi mai kaya da ke cikin gudu yakan ci yadi ɗaruruwa kafin birki ya tsai da shi. Ko da direba ya hango ɓarna a gabansa, sau da yawa abin da ya rage masa shi ne ya ja birki ya yi salati.

Masu Taɓa Dogo Iri Uku

Na farko shi ne mai kwance. Yakan zo da dare da sifana ko wutar yankan ƙarfe, ya cire noti ko ginshiƙi, ya kai wa ɗan gwangwan a auna a kilo. Kuɗi yake nema, ba ya tunanin fasinja ko kaɗan.

Na biyu shi ne mai shiga hurumin dogo. A cikinsu akwai manomin da ya ja kunyarsa har gindin tudun da dogon ke kai, damina ta zo ta zaizaye shi. Akwai mai ɗibar tsakuwa ya zuba a harsashin ɗakinsa. Akwai mai baza hajarsa a kan layi. Akwai direban da ya ga jirgi tafe ya ce bari ya riga shi. A ranar 9 ga Maris 2023, a Ikeja, wata babbar bas mai ɗauke da ma'aikatan gwamnatin Jihar Legas ta yi irin wannan ganganci, jirgi ya kwashe ta, mutum 6 suka rasu. Wannan rukuni ba ya ma ɗaukar kansa mai laifi.

Na uku shi ne mai ɓarna da gangan. A watan Oktoba 2021 an fasa dogon Abuja zuwa Kaduna da nakiya. A daren Litinin 28 ga Maris 2022 aka sake, kusa da Katari, wannan karon 'yan bindiga suka far wa jirgin, aƙalla mutum 8 suka rasa rayukansu, aka yi daji da fiye da 60. Na ƙarshensu ba su ga gida ba sai a watan Oktoba, jirgin kuma bai koma aiki ba sai a Disamba. Tsawon wannan lokaci matafiya sun koma kan hanyar motar da tun farko tsoron masu satar mutane ya kore su daga kanta.

Game da na uku babu gardama, kowa ya san ɗan ta'adda ne. Gardamar tana ga na farko da na biyu, kuma su ne namu na gida, su ne muke gaisawa da su a kasuwa da masallaci. Ba na cewa laifinsu ɗaya da mai nakiya, domin niyya tana da matsayi babba wajen auna mutum. Sai dai tarago ba ya tambayar niyya kafin ya kife.

Hujjar Mai Kwance

Ba daidai ba ne a yanke wa mutum hukunci ba a saurare shi ba. Na taɓa tayar da wannan zance a gaban wani dattijo maƙwabcinmu, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗauki ko zangarniyar gero ta wani ba. Na ce, "Baba, yaya kake ganin yaran nan masu kwance dogo?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗan nan, ku 'yan boko kun iya tambaya. To, kayan wa suka ɗauka? Nasara ya shimfiɗa abinsa don ya kwashe gyaɗarmu, ya gama ya tafi. Waɗanda suka gaje shi sun bar shi yana tsatsa. Manya suna cin nasu da alƙalami ba mai cewa uffan, sai yaron da ya ɗauki noti don ya sayi garin kwaki shi ne ɓarawo?"

Maganar Baba tana da nauyi, kuma ta ƙunshi hujjoji guda uku: dogo ba shi da mai shi, jirgi ba ya bi, yunwa kuma ta halatta abin da ƙoshi ya hana. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiya ne don amfanin kansa Bature ya kawo dogo. Amma wane ne ya ɗauki ƙasar a kwando? Layin Baro zuwa Kano da hannun talakawa aka yi shi, da yawansu ta hannun sarakuna aka ɗebo su ba da son ransu ba. Kuɗin gyaɗa da harajin kakanninmu su suka riƙe shi. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, da bashin da aka ciwo daga wani bankin ƙasar Sin aka gina shi, biyan bashin kuwa yana kan ɗan ƙasa, har da wanda ba a haifa ba lokacin da aka sa hannu. Ashe ke nan abin da muke kira kayan gwamnati gado ne, magadan kuwa mu ne. Magajin da ya ga ɗan'uwansa yana ɓarnatar da gidan gado, ya ce shi ma bari ya cire azara ya sayar, a kansa rufin zai faɗo.

Batun cewa jirgi ba ya bi kuwa, layin da ke kwance ana iya tashinsa muddin ƙarfensa na nan, wanda aka kwashe kuwa sai an sake sabon lale. Akwai darasi a dogon Hijaz, wanda Daular Usmaniyya ta shimfiɗa daga Dimashƙa ya isa Madina a 1908 domin sauƙaƙa wa alhazai, Musulmi daga ƙasashe da dama suka ba da gudummawa. An farfasa shi lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ɓangaren da ya nufi Madina bai sake tashi ba. Haka kuma hannun da ya saba da kwance tsohon dogo ba ya tsayawa nan. A 2021 an sami inda aka yanyanka ƙarafan sabon layin Warri zuwa Itakpe, alhali jirgi na ɗaukar fasinja a kansa. Wanda ya fi kowa asara idan jirgi ya mutu shi ne talakan da Baba ke tausayi, domin mai kuɗi yana da jirgin sama, shi kuwa sai ya hau bayan tirela a kan buhuna.

Saura yunwa. Ba na raina ta, kuma sananne ne cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya dakatar da haddin sata a shekarar fari. Amma a lura, mayunwacin da ya ɗebi dawa a rumbun wani dukiya ya taɓa, dukiya kuma ana iya biya. Wanda ya kwance dogo ya sa ran wani a caca, ba kuma tare da sanin mai ran ba. Malaman fiƙihu sun ce wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba bisa izini ba, duk abin da ya faɗa ciki yana wuyansa, ko da yana barci a ɗakinsa lokacin da abin ya auku. Bai tura kowa ba, bai san wanda zai biyo ba, amma ya san hanya ce, hanya kuwa ba ta rasa mai bi. Ina ganin wannan ya amsa tambayar da na fara da ita. Rashin sanin sunan wanda za ka cuta bai wanke ka ba, tun da ka san akwai shi.

Rijiya, Burtali Da Dogo

A nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Mutanenmu ba su jahilci dukiyar jama'a ba. Rijiyar unguwa ba ta kowa ba ce, amma wa ya taɓa jin an sace gugarta an kwana lafiya? Burtali, hanyar shanun nan da ke ratsa gonaki da shingen cindazugu, duk ƙarancin ƙasa kakanninmu sun bar shi a buɗe, wanda ya ci shi kuwa sai ya tsaya gaban dagaci. Tabarmar masallaci takan shekara ba wanda ya naɗe ta ya kai gida. To, me ya sa mutumin da ke jin kunyar taɓa guga ba ya jin kunyar taɓa noti?

A nawa ɗan tunani, dalilin shi ne fuska. Masu shan rijiya ka san su, akwai gwaggonka da surukarka a ciki. Idan ka cuce su, gobe za ku haɗa ido. Masu hawa jirgi kuwa baƙi ne, sukan wuce a guje, hannu kawai kake gani ta taga. Watau da yawa daga abin da muke kira amana a tsakaninmu kunya ce ta idon sani. Kunya abu ne mai kyau, ita ta riƙe ƙauyukanmu tun kaka da kakanni, sai dai gajeriyar igiya gare ta, ba ta wuce inda aka san sunan mahaifinka.

Zaman duniya na yau kuwa ya ɗora rayuwarmu a hannun waɗanda ba mu sani ba. Ɗan Gezawa da ya hau mota zuwa Fatakwal ya miƙa ransa ga makanikin da ya ɗaure birki a garin da bai taɓa zuwa ba. Ɗalibin da ya sha ƙwaya a asibiti ya amince wa wanda ya haɗa ta a wata ƙasa. Kowannenmu baƙo ne a ƙauyen wani, fasinja ne a kan dogon da ya bi ta bayan gidan wani. Idan dokar ita ce kowa ya kiyaye na gida ya bar baƙo da Allah, to, ranar da ka fita garinku kai ne baƙon. Saboda haka nake ganin ba a sanin gaskiyar amanar mutum a wajen rijiya, inda ido ke kansa. A bakin dogo ake saninta, da tsakar dare, inda babu mai gani, wanda za a cuta ma yana can mil ɗari bai ko sayi tikiti ba tukuna.

Laifin Daddawa

Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ba zan rufe wannan magana in ɗora wa yaron ƙauye laifi duka ba. Notin da ya kwance ba miya za a yi da shi ba. Akwai mai saye, akwai mai motar ɗauka, akwai masana'antar da ke narkawa ta fitar da rodi, akwai kuma shingayen hanya da motar ta wuce. A 2021 'yan sanda a Jihar Nasarawa sun kama manyan motoci maƙare da ƙarafan dogo, cikin waɗanda aka tsare har da mai riƙe da muƙamin gwamnati. Wanda ya ɗauki sifana ladan kwana ɗaya ya samu, riba tana sama. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, balle wanda ya aike shi.

Hukuma ma tana da nata kaso. Abin da mai shi ya yasar yana koya wa mai wucewa cewa ba shi da daraja. Da can akwai leburorin reluwe da ke taka layi a ƙasa, suna duba ƙusa suna ɗaurewa, mutanen gefen dogo sun san su. Inda aka daina ganin irinsu, ciyawa ta rufe ƙarfe, tasha ta zama kango, me ake so yaro ya fahimta? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka nan jirgin da ke wuce ƙauye ba ya tsayawa, ba ya ɗaukar buhun kowa, ba ya ba ɗan kowa aiki, da wuya ƙauyen ya ji cewa nasa ne. Amma duk wannan rage nauyin laifi yake yi, bai kankare shi ba. Sakacin hukuma hujja ce ta kai ƙara da yin magana da babbar murya, bai zama lasisin jefa fasinja a rami ba.

Kammalawa

Maganar ba ta tarihi kaɗai ba ce. A 2021 an aza harsashin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina, da kuma na Kaduna zuwa Kano. Waɗannan layuka gonakin Hausawa za su ratsa, irin namu masu tsada, kuma babu gwamnatin da ke da sojan da za ta tsayar a kan kowace ƙusa. Mai gadin dogo na gaskiya shi ne manomin da ke noma a gefensa.

Akwai misalin da ya zo a hadisi na mutanen da suka shiga jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda wajen zamansu don su sami ruwa ba sai sun hau sama ba. In na sama suka ƙyale su, duka a nutse, in suka riƙe hannunsu, duka a tsira. Darasin bai tsaya ga mai hudawa ba, ya haɗa da mai kallo. Wanda ya ga ana loda ƙarfen dogo a kura da asuba ya kau da kai, ya ce ba ruwansa, shi ma ya sa hannu a ramin.

Mu ɗalibai, gobe wasunmu ne za su zauna a ofisoshin da ake sa hannu, wasu su tsaya gaban allo, wasu su hau mumbari. Ina roƙon mu fara da harshenmu, tun da shi muka taru don raya wa. Duk sa'ad da muka ji an ce kayan gwamnati ne, mu ce a'a, kayan jama'a ne, mu kuma nemi dagatai da limamai su sa dogo a layi ɗaya da rijiya da burtali. Wannan shi ne ɗan abin da na hango, wanda ya ga sabaninsa filin mujalla a buɗe yake. Allah ya kiyaye matafiya, ya ba mu ikon riƙe amanar wanda muka sani da wanda ba mu sani ba, amin.